Daga Plymouth zuwa Jos: littattafan da suka taya ni aikin dare

Assalamu alaikum mutanen Jos, 'yan Gangare da Dilimi da Anguwar Rogo da Rikkos har Bukuru, da ku da rikici ko neman abinci ya kwasa ya sauke a Mararaba da Nyanya amma har gobe in an tambaye ku sai ku ce ku 'yan Jos ne. Ina gajiya, ya sanyi? Na san yanzu hunturu ya kankama an fara rububin rigunan sanyi a Katako. Ni kam na tuba, ba zan ƙara yi wa Bakano ko Basakkwace fankama da sanyin garinmu ba, don Allah ya kawo ni inda sanyin ya gina gidansa, wato Plymouth a kudu maso yammacin Ingila, gari ne na bakin teku, ƙanƙara ba ta cika sauka ba amma ruwa da iska ba ruwansu da dare ko rana, a watan Disamba kuwa ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu kai ka ce an idar da isha'i.

Ƙanwata ce ta jawo wannan doguwar wasiƙa. Kullum ta kira ni sai ta tarar da littafi a hannuna, ran nan ta gaji ta ce "Yaya wai jarrabawa za ki rubuta ne ko aljanin karatu ne ya shige ki?" Na ce mata ba ko ɗaya, aikin dare ne. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, takwas na dare zuwa takwas na safe, dare huɗu a mako, kuma duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu in ka gama zagaye, ka juya masu buƙatar juyi ka canza wa masu buƙatar canji, sai gida ya yi tsit, barci kuma ba a yarda ba, abokan aikina 'yan Indiya da Zimbabwe kowa ya duƙufa a kan wayarsa, ni kuwa in na daɗe ina latsa waya sai kewar gida ta taso min kamar zazzaɓi. Shi ne na je laburaren gari na yi kati, ko sisi ban biya ba, ka ɗauki littafi ka yi makonni da shi ka mayar. Ga kuma shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, littafin da sabonsa fam goma ne sai ka same shi fam ɗaya. Hunturu uku ke nan, na duba 'yar takardar da nake rubuta sunayensu na ga sun kai 64. Ba duka zan kawo ba, kada ku gudu.

Waɗanda suka san ni a Gangare ba za su yi mamaki ba, ni ce yarinyar nan mai cusa littafin soyayya a tsakiyar Ahalari a Islamiyya, kuɗin tarata duk a shagon hayar littattafai yake ƙarewa, har ranar da Inna ta kama ni ta cilla littafin mutane a murhu na yi wata guda ina biyan bashi.

Bari in fara da waɗanda suka ci min kuɗi a banza ko da yake fam ɗai-ɗai ne. Littattafan nan na koyon arziki da ake bajewa a ƙasa a Taminus, waɗanda duk saurayin da yake so a ce ya waye sai ka gan shi da ɗaya a hammata. Na karanta Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki tun daga bango har bango don kada in zalunce shi, wallahi abin da ke ciki bai fi shafi biyu ba sauran maimaici ne, wai ka sayi abin da zai kawo maka kuɗi ka guji abin da zai ci maka kuɗi. To Inna da ta shekara talatin tana tuyar masa ba ta taɓa shiga aji ba, tun ina 'yar shekara bakwai take ce min ba a taɓa uwar kuɗi, riba ake ci, ribar ma rabi, ɗaya rabin na adashe ne. Kuma shi bawan Allah yana magana ne daga ƙasar da banki zai ba ka bashin gida ka shekara talatin kana biya, je ka gwada neman irinsa a Bauchi Road ka dawo ka ba ni labari. The 48 Laws of Power kuwa ban iya gamawa ba, munafunci ne zalla aka yi masa ado da labaran sarakunan Turai, duk wadda ta taɓa zama da kishiya ko ta yi gidan haya mai ɗaki goma sha biyu ai ta riga ta sauke wannan karatun. Atomic Habits kaɗai zan ɗaga wa ƙafa, shi ma don abu guda, ya ce in kana so sabuwar ɗabi'a ta zauna ka ɗaura ta a jikin wadda ka saba, shi ya sa littafina jaka ɗaya yake kwana da fulas ɗin shayi, in na tsiyaya sai na buɗe shafi.

Agatha Christie 'yar nan yankin ce, a Torquay aka haife ta a 1890, ba nisa daga inda nake, don haka laburarenmu cike yake da ita. Na ɗauki And Then There Were None, na 1939, mutum goma aka tara a wani tsibiri a gaɓar Devon kowa da alhakin ran da ya ɓoye, sai suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya alhali babu kowa a tsibirin sai su. Wautar da na yi ita ce karanta shi ƙarfe uku na dare a gidan da katakon benensa ke ƙara shi kaɗai, wata tsohuwa ta danna ƙararrawa na zabura har shayi ya ɓare min a yunifom. Matar ta iya ƙulli, ba za ka gano mai kisan ba sai ta ga dama, amma in ka rufe littafin ba mutum ɗaya a ciki da zai biyo ka gida, duk 'ya'yan dara ne take turawa. Dangin James Hadley Chase ne da ake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, sai dai nata masu kisan da shayi da biskit suke yi.

To ga abin da ya sa na zauna rubutun nan tun asali.

Akwai wani dattijo da na kula da shi kusan shekara guda, ya haura tamanin da biyar, mantuwa ta cinye shi har 'yar cikinsa ba ya ganewa. Wani dare ina ɗaga shi ya yi nishi, bakina ya suɓuce na ce "sannu Baba", kawai sai ya buɗe ido ya dube ni ya ce "yauwa". Na ɗauka kunnena ne. Na ce "ina gajiya?" ya ce "ba gajiya", da harshen nan nasu da ba ya lanƙwasuwa. Tsigar jikina ta tashi. Da na samu ganin 'yarsa ta ce ai a Bukuru aka haife shi, babansa injiniyan haƙar kuza ne daga Cornwall, maƙwabtanmu ne in ka haye kogin Tamar, su ma ƙasar kuza ce tun kaka da kakanni, ramin haƙarsu na ƙarshe South Crofty sai 1998 aka rufe shi. Yana ɗan shekara takwas aka ɗauko shi daga Najeriya aka kawo shi makarantar kwana, bai sake komawa ba.

Daga ranar kullum dare sai na taɓa shi da Hausa, kuma abin da na lura da shi ya daɗe yana cina a rai, in ka cire gaisuwa duk Hausar da ta rage a kansa ta aike ce. Kawo ruwa. Zo nan. Maza maza. Bari. Tafi. Kalma ɗaya ce ta fita daban, wani dare yana kuka cikin barci yana ta cewa "goyo, goyo", na gane wata baiwar Allah ce ta goya shi shekara tamanin da suka wuce, sunanta ya ɓace masa amma bayanta bai ɓace ba.

Ni kuma kakana na wajen uba ba haifaffen Jos ba ne, daga ƙasar Zazzau aka kawo shi a diban gwamna. Muna yara mun sha jin kalmar a bakin Goggo, in yaro ya cika ƙiwa sai ta ce da diban gwamna zai dawo da an huta da kai, mu yi ta dariya, ba wanda ya taɓa tsayar da ita ya ce Goggo mene ne shi. Sai na je wajen matar laburare na ce ko akwai wani littafi a kan kuzar Jos, ta yi 'yan danne-danne a kwamfuta ta ce babu a nan amma za ta aro min daga wani gari, bayan mako biyu sai ga Capital and Labour in the Nigerian Tin Mines na Bill Freund, bugun 1981. Gaskiya ba littafin daɗi ba ne, rubutun malaman jami'a ne, jadawali da lissafin albashi da sunayen kamfanoni, sau biyu ina gyangyaɗi a kansa. Amma ban taɓa karanta abin da ya girgiza ni kamarsa ba. A nan na san cewa tun kafin Bature ya zo mutanenmu suna narka kuza a Liruwe suna kai ta kasuwa, Turawa suka bi sawunta har suka gano tushen, sannan suka kashe sana'ar masu ita. A nan na san cewa a 1942 da Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da ta fi kowace fitar da kuza a lokacin, sai aka juyo kan Filato, aka yanka wa hakimai da dagatai adadin mazan da kowa zai kawo, daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso manoma dubbai daga lardunan Arewa ana jibge su a bukkoki a kan tsauni, mutanen da ba su san irin wannan sanyin ba, ba bargo ba isasshen abinci, ga cuta, wasu suka gudu wasu suka mutu a nan. Shi ne diban gwamnan da Goggo take mana barazana da shi. Ramukan nan da ruwa ya cika a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, inda muke zuwa ɗaukar hoto da sallah kuma duk shekara sai sun ci yaro, wasunsu da diga da kwano a ka aka fara su, kuma gonakin Birom ne kafin su zama ramuka. Wato mu an kwaso mu ba da sonmu ba, su an ƙwace musu ƙasa ba da sonsu ba, wanda ya haɗa mu ya kwashe kuzarsa ya tafi, ya bar mu muna ta wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo.

Na zauna a ɗakin hutun ma'aikata ina lissafi da yatsu, a 1943 tsohon nan yana ɗan shekara shida a barandar gidansu a Bukuru, kakana yana ɗan ashirin da 'yan kai a cikin rami, yau kuma jikarsa ce take goge wa yaron barandar baki. Ban ji haushinsa ba, yaro ne me ya sani. Haushin kaina na ji, a Jos aka haife ni, shekara bakwai na yi ina koyarwa a sakandare, amma sai da na haye teku na roƙi Baturiya ta aro min littafin wani Bature kafin na san yadda aka yi gidanmu ya zo Gangare. Tsohon ya rasu a kakar da ta wuce, ranar ba ni ce a bakin aiki ba.

Zafin wannan ne ya kai ni ga What Britain Did to Nigeria na Max Siollun, na 2021. Shi kam ya iya ba da labari, ba ya wahalar da mai karatu, za ka bi shi tun daga kamfanin Royal Niger da gwamnatin Ingila ta biya fam 865,000 ta karɓi ƙasar daga hannunsa kamar ana cinikin gona, har Burmi a 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, har Satiru a 1906 da aka shafe gari guda. Da farko ina kifa bangon littafin in wani ya shigo, daga baya na ce ni da ban saci komai ba me zan ɓoye. Wata nas Baturiya ta karanta sunan ta ce da gaske ba a koya musu ko ɗaya daga ciki a makaranta ba, na ce mata kada ki damu mu ma haka.

Sai na ɗan garinmu, Abubakar Adam Ibrahim, Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG ta dala 100,000 a 2016. Na san da yawanku kun yi masa hukunci ba ku buɗe shi ba, an ce muku labarin Hajiya 'yar shekara 55 ce da ɗan daba mai sayar da wiwi ɗan shekara 25, kuka yi a'uziyya kuka wuce, ni ma haka na yi shekaru. To labarin haka yake, ba zan yi masa kwaskwarima ba, kuma akwai wuraren da na ji kunya na waiga ko wani na kallona. Amma ba wannan ne ya riƙe ni ba. Hajiya Binta 'yar Jos ce da aka kashe mata miji a rikici ta koma Mararaba, kamar rabin mutanen da na gaisar a farkon wasiƙar nan, ga yarinya Fa'iza da take riƙo wadda abin da ta gani a Jos ya sa ko jini ba ta iya kallo, ta fake a littattafan soyayya, wallahi na san Fa'iza uku a layinmu kaɗai bayan rikicin 2001 da na 2008, ba wanda ya taɓa kai su wajen likita, aljanu aka ce. Abin da ya karya ni kuma shi ne maganar ɗan fari, matar nan ta rayu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba saboda kunya, ba ta rungume shi ba ba ta nuna masa so ba har ya mutu, wannan ramin ne ɗan daban nan ya zo ya faɗa ciki. Ni 'yar fari ce. Shekarata talatin da bakwai Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "waccan", ranar da zan taho ma a filin jirgi bayan ƙanwata ta tsaya tana gyara mayafi ta ce a ce mata ta riƙe addu'a. Na san tana sona fiye da ranta, amma sai a littafin nan na ga wani ya kalli wannan abu namu ya tambaya nawa yake ci mana. Ɓangaren sanata da 'yan bangar siyasa bai burge ni ba, wannan kullum muna gani a jarida. Kuma abin takaici da Turanci ne, matan da aka rubuta shi a kansu ba za su karanta ba.

Born on a Tuesday na Elnathan John, labarin almajiri Ɗantala daga Bayan Layi zuwa Sakkwato, na karanta shi a dare biyu, yana da gudu kuma abotarsa da Jibril ta taɓa ni. Sai dai a wurare na riƙa jin kamar ba da ni ake magana ba, kamar mai gida ne yake zagayawa da baƙo yana nuna masa ga masallacinmu ga almajiranmu ga rigimar malamanmu. Abokiyar aikina 'yar Zimbabwe ta fi ni jin daɗinsa, ina ga ita aka dafa wa.

Na Hausa uku kacal na zo da su a akwati, don kilo 23 ba ya ɗaukar son rai, Magana Jari Ce na ɗaya, Shaihu Umar, da Alhaki Kuykuyo Ne. Na Abubakar Imam ba sai na ce komai ba, in dare ya yi min nauyi shi nake buɗewa in ji aku yana zuba, Hausar ce kawai nake sha kamar kunun tsamiya. Shaihu Umar ne ya ba ni mamaki. A makaranta na tsane shi, littafin jarrabawa ne, kuma shi Umar ɗin ya cika haƙuri har ya gundure ni, komai aka yi masa sai godiya, mutum kamar ba jini a jikinsa. Har yanzu ban canza ra'ayi a kansa ba. Amma da na sake karantawa a nan sai na ga ashe littafin ba nasa ba ne, na uwarsa ne, matar da aka sace mata ɗa ta bar komai ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, ta ratsa hamada, da ƙyar ta sa shi a ido ba ta daɗe ba ta cika. Shafuka kaɗan aka ba ta amma su ne littafin. Ni da na baro yaro ɗan shekara tara a wajen Inna ina ganin girmansa ta waya, ban iya karanta wurin nan a zaune ba, sai da na shiga banɗaki na kulle. Kuma ku tuna Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta ɗan shekara ashirin da ɗaya ya rubuta shi, don gasar rubutun Hausa da wani Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki.

Na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa tun ina budurwa nake fushi da ƙarshensa, a ce Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya tara saboda Delu, ta yi sayar da abinci ta riƙe su ta aurar da Saudatu gidan mutunci, sannan da shagonsa ya ƙone duniya ta juya masa baya a taru a kanta a ce ta koma. A da ina cewa marubuciyar ta ci amanar Rabi. Yanzu na girma na ga Rabi nawa aka mayar a unguwarmu da "ki duba 'ya'yanki", na gane ba abin da take so ta rubuta ba, abin da ake yi ta rubuta, haushin da nake ji ma ita ta ɗora min shi da gangan. Abin dariya abin kuka, fassararsa ta Turanci da wani kamfani a Indiya ya buga a 2012 ta fi sauƙin samu a nan fiye da yadda za ku samu na Hausar a Jos.

Abdulrazak Gurnah ɗan Zanzibar da ya ci Nobel a 2021, ashe ya koyar a Jami'ar Bayero a farkon shekarun 1980, wannan ya sa na ji kamar suruki ne na ɗauki By the Sea. Tafiyarsa a hankali take kamar raƙumi, in kana gaggawa kada ka fara. Dattijo ne ya sauka a filin jirgin Gatwick na Landan neman mafaka yana yi kamar ba ya jin Turanci, duk abin da ya tsira da shi daga rayuwarsa ta baya ɗan akwatin turaren wuta ne, jami'in shige da fice ya buɗe ya shinshina ya riƙe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin nan gabansa na faɗuwa ana zazzage masa jaka, ana ɗaga ƙullin kukarsa da yatsa biyu ana tambaya mene ne wannan, zai san mutumin nan ya san abin da yake faɗa. Shi kaɗai ne a cikin 64 ɗin ya faɗa min yadda zaman nan yake ba ƙari ba ragi.

Kada ku ce na zama 'yar boko na manta asalina, har yanzu ina biyan naira ɗari biyar-biyar ina karanta littattafan da marubutanmu mata suke saki a WhatsApp, kuma wasunsu wallahi sun iya jan zare, sai ka ga asuba ta yi kana cewa saura shafi ɗaya. Amma don Allah 'yan uwana, yaushe za mu fito daga Maitama? Kowane namiji ɗan shekara talatin ne mai kamfani bakwai da jirgin kansa, miskili ba ya dariya sai ɗage gira, kowace yarinya fara ce sol mai gashi har gadon baya, shafi uku ana lissafa kayan lefe da abin da aka jera a tebur. Mu da muke da kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 ta bar dubban mutane a titi, muke da matan da suke dakon dankali a Farin Gada tun duhun asuba, da 'yan gwangwan na Dilimi, da unguwannin da aka raba kamar an ja layi da reza har mai Keke ya san inda zai tsaya ya ce nan zan juya, da tsofaffin da suka yi wankin kuza da hannunsu suna nan da ransu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, duk wannan ba labari ba ne sai Dubai? Ni in wata ta rubuta min soyayyar mai tuyar masa da ɗan acaɓa a Gangare, da Hausar Jos ɗinmu yadda muke yinta ba ta Kano ba, dubu biyar zan biya ba ɗari biyar ba.

Yanzu ga roƙona. Akwai mai tahowa nan bayan ƙaramar sallah ya ce zai ba ni kilo uku a kayansa. Ina neman Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943 ana tsakiyar yaƙi, ina so in ji da wane ido ya kalli mutanen nan a shekarar da kakana yake cikin rami. Ina neman Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, ko tsofaffi ne ko bango ya cire ba komai, wanda yake da su a ƙasan akwati ya kai wa ƙanwata zan biya. Ke kuma ƙanwata tunda ke kika tono wannan magana, ki sayi goro da lemo ki je wajen Goggo ranar Juma'a, ki kunna rikodin a wayarki ki ajiye kusa da ita ba tare da kin cika ta da tambaya ba, ki ce mata kawai wane gari aka ɗebo Kaka, su nawa aka taho da su, su nawa suka koma, kuma me ya hana shi komawa. In ta fara zagin ki da cewa me za a yi da tsohon zance ki ƙyale ta, zagin ma ki ɗauka.

A gaida Inna, a shafa min kan yarona a ce ya bar wasa a bakin ramin nan na bayan makaranta. Kuma don girman Allah wannan karon kada a haɗa min littattafai jaka ɗaya da daddawa, Magana Jari Ce ɗina har yau in na buɗe shi a wurin aiki sai 'yar Indiyan nan ta tashi ta buɗe taga.